Shekarar da Na Ba da Barde

Ku 'ya'yana, da ku jikokina da kuka fara wayo, akwai maganar da kuka tashi kuna ji a gidan nan, wani lokaci cikin raha, wani lokaci da ɗan ɗaci, cewa ni Sambo na ɗauki bijimin da babu kamarsa a ƙasar Gwandu na ba mutumin bakin gulbi, shi kuwa ya haɗa ni da tsohuwar saniya mai guntun wutsiya. Gaskiya ne, an yi haka. Ba na musu. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne abin da idona ya gani kafin in yi, da abin da ya biyo baya. Waɗanda suka san farkon zancen duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da uwarku Dije, ita kuwa kun san ta, in ta fara ba da labari sai ta tsaya dariya a tsakiya. Shi ya sa na zauna in rubuta da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, tun hannuna yana iya riƙe biro.

Mahaifinmu ya kafa gida a gefen Dalijan tun kafin a haife ni, ya bar yawo, ya haɗa noma da kiwo. Shanunsa bokolo ne, farare ƙal, gajerun ƙaho, manyan tozo, irin waɗanda in suka jero a burtali mai keke kan sauka ya kalla. Amma shi Baba ba kyansu yake fariya da shi ba, hankalinsu ne. Kuma suna da shi. Shanun nan sun san ƙarar gugarmu daban da ta maƙwabta. In aka fara jan ruwa sai su jeru a bakin kwami, kowace ta san wadda take bi, babu ture-ture. Da rani, in iska ta kaɗa da safe, ba sai an kora su ba, da kansu za su nufi gindin gawo, kuma sun san wane gawon ke fara zubar da 'ya'ya, wane ne sai an jima. Da damina suna ratsa burtali mai faɗin tabarma biyu, gero dama gero hagu, ba wadda za ta miƙa wuya. Na taɓa yin zazzaɓi a daji na kwanta a inuwa, suka koma gida su kaɗai suka tsaya kowace a turkenta, da haka aka san a fita nemana. Shugabansu kuwa Barde ne, bijimin da Baba ya raina da hannunsa, jikan jikan bijimin da ya zo da shi ƙasar nan. Da Baba ya rasu aka raba gado tsakanina da yayana Hamma Bello, Barde ya faɗo a rabona. Amma ba mu raba turke ba, garke ɗaya muke kora, akushi ɗaya muke ci.

Shekarar da ta biyo bayan rasuwar Baba ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya yi rabin ido, dawa ba a ma maganarta. Manoman da a da suke barin kara a gona mu shiga da shanu, a wannan kakar kowa ya tattara nasa ya ɗora a kan itace. Kafin tsakiyar rani rijiyarmu ta ja baya har sai da muka ƙara igiya sau biyu, abin da guga ke fitowa da shi rabi ruwa rabi yashi. Shanu suka fara nuna haƙarƙari. Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar ɗakin mahaifiyarmu, Inna, sai Dije, wadda a lokacin amarya ce mai goyon fari, ta ce kawunta Manu yana zaune kusa da Diggi a ƙasar Kalgo, bakin fadama, kuma a can ciyawa ɗanya ce har faɗuwar ruwa.

Inna ta ce, "Ubanku bai taɓa kai shanunai fadama ba. Shanun tudu na tudu ne."

Hamma ya ce, "Ni ba ni zuwa. In dai mutuwa ta, su mutu inda anka haife su."

Na ce, "In mun rage baki a bakin rijiya, waɗanda sunka rage su samu abin sha. Ni in tafi da nawa, kai ka zauna da naka."

Daga baya Inna ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba don ta yarda ba, don ta ga babu wata dabara.

Kwana uku muka yi a hanya ni da shanuna, Barde a gaba. Kawu Manu ya tarbe ni da kyau. Dattijo ne siriri, baƙi, mai magana a hankali, yana noman shinkafa, yana jefa taru, yana kuma da shanu kamar ashirin. Da na ga shanunsa sai da na ɓoye dariya. Jajaye ne, dogayen ƙaho, dogayen ƙafafu, babu tsoka babu tozon kirki, in ka jera su kusa da nawa kamar ka jera almakashi kusa da turmi. Wadda ke gabansu tsohuwa ce da rabin wutsiya, sunanta Guntuwa. Shi kuwa ya zagaya Barde sau biyu, ya dafa tozonsa, ya ce masha Allah. Sannan ya ce mini gobe kada in saki shanuna su kaɗai, in bar su a bayan nasa. Na ce to, a raina ina cewa shanun da suka san hanyar gida ba makiyayi, su ne za a koya wa cin ciyawa?

Ku da kuka saba zuwa fadama tun kuna yara ba za ku gane yadda ta bayyana a idon wanda ya fito daga tudu a tsakiyar rani ba. Kore shar har iyakar gani. Da safe muka gangara, shanuna suka hango ɗanyar ciyawa, wata uku rabonsu da ita, sai suka watse da gudu suka wuce na Kawu Manu. Akwai wani fili a hannun dama da ya fi ko'ina kore, mai laushi kamar an shimfiɗa darduma. Ina kallo Guntuwa ta iso bakinsa ta tsaya cak. Ta miƙa wuya ta shinshina ƙasa, ta ɗaga ƙafar gaba ta dafa sau biyu kamar mai taɓa tuwo ya ji ko ya huce, sannan ta juya ta bi ta hagu, sauran jajayen suka bi ta a jere. Ita kuwa Fure, saniyar da ta fi kowace nono a garkena, wadda a gida take kwance igiya da baki, ta faɗa filin nan kai tsaye. Taku huɗu ta yi, na biyar ƙasa ta buɗe. Ciyawar a kan taɓo take kwance, taɓo mai zurfin da ya fi tsayin mutum. Tana motsi tana ƙara nutsewa, har ya kai mata ƙirji. Kawu Manu ya yi kira, masunta da masu aikin shinkafa suka taho da igiyoyi da katakon jirgi, muka shimfiɗa muka rarrafa muka ɗaura mata. Tun hantsi muke ja, sai bayan azahar ta fito, ƙugu a karye. Ni da hannuna na sa mata wuƙa. Mutanen da suka taimaka suka raba naman, ni ko tsoka ɗaya ban iya ci ba.

Cikin sati biyu na sake rasa karsana ɗaya ta wannan hanya. Ga wani abin kuma: nawa duk inda suka ga ruwa kwance sai su kafa kai, don a tudu ruwa ba abin wucewa ba ne. Jajayen kuwa sai su ratsa kududdufi uku ba su sunkuya ba, sai sun kai inda ruwa ke gudu. Ba a jima ba biyu daga cikin nawa suka fara ramewa da ciwon hanta. Barde da kansa, da aka zo tsallaka wani rafi da bai kai gwiwar mutum ba, ya kafe ya ƙi, yana huci, sai da na zagaya da shi ta nesa. Ranar na zauna a kan wani jirgin ruwa da aka kife, raina a ɓace, na ce wa Kawu Manu ashe shanun Baba wawaye ne ban sani ba.

Ya ce, "Kul, kada ka zage su. Kai da ka zo nan, ka iya tuƙa jirgi?"

Na ce a'a.

"To wawa ne kai?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "Kowace dabba wurin zamanta shi ne malaminta. Naka sun yi karatun ƙishirwa, nawa sun yi karatun ruwa. Kai su Guntuwa garinku ka ga abin kunya."

Na yi ta juya maganar nan kwana da kwanaki. Ina kallon yadda gonaki ke cin makiyaya a wajenmu shekara bayan shekara, na san wannan zuwan ba shi ne na ƙarshe ba. In dai zan riƙe shanu, to kowane rani sai na gangaro. Na gwada sa nawa a bayan Guntuwa, amma da yamma in an raba garke sai su koma bin Barde, washegari a sake sabon lale. Na ga abin da nake bukata shi ne Guntuwa ta zama tawa, ta kwana da su ta tashi da su, da kuma bijimi ja da zai sa jininsu a cikin 'yan maruƙa. Na san kuma Kawu Manu ba zai rabu da uwar garkensa don karsana biyu ko uku ba. Abu ɗaya na ga idonsa yana bi. Yana da gona a tudu, yana son shanun huɗa masu ƙarfi, kullum da yamma sai ya tsaya yana kallon Barde. Da na faɗa masa, bai yi murna ba.

Ya ce, "Wanga bijimi na gidanku ne, ba naka kai ɗaya ba. Koma ka shawarci yayanka."

Na ce, "A rabona ya faɗo, Kawu. Malamai sunka raba."

Ya ce, "Malamai sun raba shanu, ba su raba zuciya ba. Amma kai ka sani."

A nan ne na yi kuskure, kuma ina so ku riƙe wannan. Ba musayar ce kuskuren ba. Tafiyar kwana uku ce, ko in aika a faɗa, amma na san in na tambaya za a hana ni, shi ya sa ban tambaya ba. Na ba da Barde, na karɓi Guntuwa, da 'yarta mai ciki, da wani ɗan bijimi ja da bai gama fitar da ƙaho ba. Ranar da zan taso, Barde yana ɗaure a gindin mangwaron Kawu Manu, ya bi mu da kuka har muka hau tudu. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan kwance shi.

Mun iso gida da ruwan farko. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ta fito bakin shinge tana duba shanu ɗaya bayan ɗaya, bakinta yana motsi. Ta kai ƙarshe ta sake farowa. Hamma yana tsaye riƙe da fartanya.

Ya ce, "Ina Barde?"

Na faɗa masa duka, ban rage ba.

Ya dubi Guntuwa, ƙafafu duk busasshen taɓo, tana kaɗa guntun wutsiyarta. Ya ce, "Wagga ce ka ba da bijimin Baba saboda ita?"

Na ce ita ce.

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya jingina fartanyar, ya shiga ɗaki. Washegari ya sari ƙaya ya raba turke biyu, da dare kuma matarsa ta kai masa tuwonsa ɗakinsa. Inna ta ce mini, "Ba don bijimin ba, Sambo. Don ka mai da mu waɗanda ake ba labari."

Sannan abin kunyar da Kawu Manu ya faɗa ya iso. Jajayen nan da suke malamai a fadama, a Dalijan sun zama abin dariya. Ana jan ruwa a rijiya, farare sun jeru, su kuwa suna tsaye nesa suna kuka, suna juya kai suna neman gulbi, sai da Dije ta riƙa kai musu ruwa a daro har gabansu. Ba su san gawo ba. In aka sake su da yamma ba su gane hanyar gida. Da gero ya tashi kuwa, Guntuwa, wadda a duniyarta duk abin da yake kore na kowa ne, ta shiga gonar maƙwabcinmu tun ranar farko a burtali, ta yi ɓarna. Shekara arba'in ba a taɓa kai ƙarar shanun gidanmu ba, sai ga ni gaban mai gari ina ba da haƙuri. A kasuwa in na wuce sai in ji ana cewa ga mai Guntuwa nan. Dije kaɗai ke ce mini in yi haƙuri, ita ma baƙuwa ce da ta zo, har gishiri ba ta san inda ake ajiyewa ba.

Da rani ya zagayo na sake gangarawa. Yanzu Guntuwa ta kwana da fararen wata takwas, ta yi faɗa da manyansu ta kayar, sun sallama mata gaba. Inda ta tsaya su tsaya, inda ta kauce su kauce. A wannan ranin ban rasa ko ɗaya ba. Su ma jajayen, kafin shekara ta cika sun koyi layin kwami, sun koyi cewa gero ba nasu ba ne, ko da yake sanda ta taimaka. Sai na ce a raina, ashe duk abin koyo ne, wanda ya ga na gaba ya yi sai ya yi. Da haka na zauna, har wata maraƙa ta nuna mini ban gama sani ba.

'Yar Guntuwa da na zo da ita da ciki ta haihu a daminar farko, kwana tara bayan haka maciji ya sare ta ta mutu. Dije ta ɗauki maraƙar ta raina da nonon wata farar saniya, tare da 'yar farar, muka sa mata Marainiya. Ta shaƙu da Dije har ɗaki take bin ta, shi ya sa rani biyu ina tafiya ana barin ta a gida, ita da 'yar farar da suka sha nono ɗaya. Ba ta san uwarta ba. Ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kwami faɗi ba. A rani na uku na tafi da su duka biyun. Safiyar farko Guntuwa da manya suka yi gaba, 'yan matan biyu suka tsaya wasa suka ware ta wani gefe inda babu wanda za su kwaikwaya. Na hango sun nufi irin korayen wuraren nan, na ɗaga sanda zan ruga. Sai na ga Marainiya ta tsaya cak. Ta miƙa wuya ta shinshina, ta ɗaga ƙafar gaba ta dafa, ta sake dafawa, ta ja da baya. 'Yar farar kuwa ta wuce ta ta zurma har gwiwa, Allah ya sa bakin ne, na kama wutsiya na fizgo ta. Da na fito da ita sai na zauna a ƙasa, jikina duk taɓo, ina kallon Marainiya tana cin ciyawarta kamar ba ta yi komai ba. Da yamma na ba Kawu Manu labari, na ce wa ya koya mata?

Yana gyaran taru, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Taɓo ya koya ma kakanninta. Waɗanda ba su ɗauki karatun ba suna cikinai, ba su haihu ba."

Na daɗe ban ji maganar da ta zauna mini kamar wannan ba. Na tuna Fure. Da a fadama aka haifi irinta, da tun tana karsana ta tafi, ba ta bar baya ba, mai tsayawa ta shinshina ita za ta cika garke da 'ya'ya. Haka nan a tudu, saniyar da ba ta iya riƙe inda ruwa yake da inda gawo yake a kanta ba, wane rani za ta ƙetare? Shekaru bisa shekaru wuri yana tankaɗe dabba kamar yadda ake tankaɗe gari, abin da ya rage a rariya daban, abin da ya wuce daban. Allah ne ya halicce su duka, kuma da wannan rariyar ya ga dama ya gyara kowace ga mazauninta.

Shekaru da yawa bayan haka, goyon da Dije take da shi a wancan lokacin, wato yayarku Asma'u, ta girma ta shiga jami'ar da ke Kalgo tana karatun dabbobi. Wani hutu na ba ta labarin nan ina jin kaina malami. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi dariya irin ta uwarta.

Ta ce, "Baba, maraƙa ɗaya ba ta isa hujja ba. Wata ƙila dai ita mai tsoro ce."

Na ce, "To tsoron daga ina ta samo shi?"

Ta ce, "Nan kuma ka kama ni."

Ta bayyana mini cewa abin da suke karantawa bai yi nisa da na Kawu Manu ba. Wani sashe na wayon dabba a jini yake, wani a kallon manya, kuma raba su yana da wuya ko ga masana. Ta ce abin da ake gada sau da yawa ba dabarar ce kanta ba, saurin ɗaukarta ne, da irin abin da hankalin dabba ke fara kulawa da shi. Ta ce in dubi zabon daji da na gida: na daji ko inuwar shaho ya gani ya ɓace, na gida kuwa da aka daɗe ana tsare masa, sai ya tsaya yana ihu a fili. Na ce wannan na san shi tun ba a haife ta ba. Ta ce to ai shi ne, ita takarda kawai za a ba ta a kai. Na ji daɗin hirar nan ƙwarai, har yau in ta zo da 'ya'yanta mukan koma kanta.

Amma na yi gaba da labari, bari in koma ga Hamma. Shekara huɗu muna gida ɗaya, muna gaisawa, muna sallah sahu ɗaya, in ɗansa ya yi ciwo ni ke kai shi asibiti, amma ƙayar nan tana tsakanin turke, akushi kuma biyu. Inna ta rasu a shekara ta uku ba ta ga mun haɗa hannu a tuwo ba. Wannan shi ne abin da musayar ta ci mini, kuma babu yawan shanun da zai biya shi. Bayan rasuwarta na same shi a gona na ce masa na yi laifi da ban shawarce shi ba. Ya ce ya ji. A lokacin garkena ya fara canza kama. 'Ya'yan jan bijimin da fararen shanu suka fito wake-wake, wasu ja da fari, wasu kamar an watsa musu kunun kanwa, ƙaho ba gajere ba ba dogo ba. Babu mai sauka daga keke ya kalle su. Amma suna bin layin kwami, suna ratsa burtali, in an gangara fadama kuma suna taka ƙasa da hankali. Su ne kakannin waɗanda kuke tatsa yau.

A shekara ta biyar ruwa ya sake ɗaukewa da wuri, ya fi na farko muni. Hamma ya riƙe fararensa a tudu har ya rasa uku. Wata rana da la'asar ina gyaran igiyoyi sai na ga inuwa a kaina. Shi ne, hannu a baya.

Ya ce, "Yaushe za ka tashi?"

Na ce, "Jibi, in Allah ya so."

Ya dubi gefe ya ce, "Nawa za su bi."

Na ce, "To, Hamma."

Da magariba matarsa ta kawo tuwonsa ƙofar ɗakina ta ajiye kusa da nawa. Dije ta shiga ɗaki, na ji tana kuka tana dariya lokaci ɗaya. Kada wani a cikinku ya ɗauka baffanku ya zo ne don ya yarda na fi shi gaskiya. Har ya bar duniya yana cewa Barde ya fi abin da aka ba ni, kuma in ana maganar kyau da asali, bai yi ƙarya ba. Shi ya riƙe abin da Baba ya bari, ni na nemi abin da zai kai mu gaba, gida kuwa yana bukatar duka biyun. 'Ya'yansa 'yan'uwanku ne, shanunku da nasu sun daɗe da zama jini ɗaya. In ranar rabo ta zo, ku zauna ku yi magana kafin kowa ya kama igiya, kuma kada ku fara da sayar da tsofaffin shanu don sun daina nono, a kansu hanya take.

Shi da kansa ya raka shanunsa a wannan tafiyar, karo na farko da ya ga fadama, yana da shekara hamsin da wani abu. Guntuwa ta tsufa ta mutu kafin nan, Marainiya ce a gaba. Safiyar farko muka haɗa garke muka gangara. Muka iso wani wuri inda in ka miƙe ta cikin kore, taku hamsin ka kai bakin ruwa, in ka zagaya kuwa sai ka yi tafiya mai tsawo cikin rana. Hamma yana gabana da sandarsa a kafaɗa, ya nufi koren kai tsaye. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ya rage tafiya. Marainiya ta tsaya a bakin wurin, ta shinshina, ta dafa, ta juya hagu. Ya tsaya yana kallonta, ya dubi koren, ya sake dubanta. Sannan ya tattare rigarsa ya bi bayanta, yana sa ƙafarsa daidai inda ta cire tata, har muka kai ruwa. Da muka zauna a inuwa yana wanke ƙafa, bai dube ni ba ya ce:

"Sambo."

Na ce, "Na'am, Hamma."

"Kada ka faɗa ma mutanen gida na bi saniya."

Ban faɗa wa kowa ba, ko Dije, sai yau da yake shekara shida a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini wannan ma.